Mai Gadin Koren Ruwa

Shekara goma sha tara na yi a masaƙar Kakuri,
sashen rini.
Ranar da muka yi shuɗi, rafin Makera ya yi shuɗi,
ranar ja, yara su ce an yi yanka.
Ban taɓa tambayar inda ruwan ke kwana ba.
Albashi na zuwa, kogi na tafiya.

Yanzu injuna sun yi shiru, jemagu sun gaje rufin,
ni kuma ina gadin kududdufai uku na siminti
a bayan wata gonar kaji a Mando,
da gora, da tocilar da ba ta son damina.

Rifkatu ce ta ɗauke ni.
Siririya, takalmin roba har gwiwa,
ta zaro kwalba daga jaka, ta ɗaga wa rana: kore shar.
Na ce, "Wannan ai gansakuka ce.
Ita inna ke sa ni kankarewa daga gindin randa
da soso da toka, ina kuka."
Ta ce, "Danginta ne, Baba Mati, autocin gidan,
dubu ba su cika ɗigo guda ba.
Yunwa gare su. Aiki za mu ba su."

Ga aikin:
kaji dubu shida na shan ja-da-yalo a ruwa
tun suna 'yan tsaki, da ciwo da ba ciwo.
Abin da cikin kaza bai riƙe ba, kwata ta ɗauka,
kwata ta miƙa wa rafi, rafi ya miƙa wa mai lambu,
mai lambu ya ɗaure latas ya kai kasuwar Kawo.
A hanya ƙwayar cuta ta yi ta lasar maganin
har ya zame mata gishirin miya.

Da ta faɗi haka sai na tuna Lantana
da gyambon ƙafarta da ya ƙi jin allura.
Kati uku, kemis huɗu, kwana arba'in.
Likita ya ce ciwon ya san maganin.
Ban ce wa Rifkatu komai ba.
Na tashi na je na gyara tiyo.

Da safe nakan juya ruwan da doguwar muciya,
kamar mai tuƙa tuwon da ba wanda zai ci.
Rana na faɗowa su buɗe baki,
ko da yake ta ce ba su da baki,
su sha, su riƙe, su farfasa abin da rariya ta kasa.
Kududdufin farko wari, na biyu dama-dama,
na uku, ran Laraba, na tarar da kwaɗo a ciki
ya baje kamar ya biya haya.

A watan Agusta hadari ya tsare rana kwana biyar.
Koren ya koɗe, ya kwanta, ya mutu.
Ta zauna bakin siminti, littafi a cinya,
biro a baki, ba ta rubuta ko alif ba.
Na sayo mata gasasshiyar masara.
Muka koma kan kwalba.

Jiya ta dawo daga Zariya da takarda:
cikin ɗari, saba'in da ɗaya sun tafi.
Na ce, "Sauran fa?"
Ta ce, "Sauran na nan."
Na ce, "To ita gansakukar da ta ƙoshi da magani,
ina za mu kai ta?"
Ta yi dariyar da ba ta kai ido ba,
ta ce tambayar da ke hana ta barci ke nan.

Dare ya yi. Kaji sun yi tsit.
Na haska tocila a kan ruwa na uku:
ba shuɗi, ba ja,
launin da ban taɓa haɗawa a Kakuri ba.
Wanda na ɓata ya daɗe da kaiwa Kwara,
ba ya jin kira.
Wannan dai yana hannuna har asuba.